Tsuntsun Da Ya Ƙi Amsawa

"Ko ya janye rubutunsa, ko ya janye ƙafarsa daga gidana." Baba ya buga tebur, 'yarsa Auta ta zabura.

Baba farfesa ne a ilimin tsuntsaye. Tun yana saurayi yake koyar da cewa tsuntsayen nan biyu masu launin ƙasa, masu tonon tsutsa a lambu, jinsi ɗaya ne, ko da yake bakin ɗaya ruwan ɗorawa ne, na ɗayan ruwan lemo. Sai ga masoyin 'yarsa, ɗalibin da ta fara gani kwance cikin ciyawa rungume da rakodar ɗaukar murya har ta laƙaba masa Ɗan Daji, ya rubuta a kundin digirinsa cewa jinsi biyu ne.

Saƙonsa ya shigo wayarta: "Tsuntsuwata, zan janye. Digiri ba ya yi min murmushi."

Ta amsa: "In ka janye gaskiya saboda ni, ni ma na janye. Gobe ka zo lambunmu da rakodarka."

Da sassafe mai bakin ɗorawa na ta tono a gindin katanga. Baba ya harɗe hannuwa.

"Namiji ba ya ƙyale irinsa ya yi waƙa a wurinsa. Kunna masa muryar mai bakin lemo. In ya taso, ka kama hanya ke nan."

Ɗan Daji ya danna. Waƙa ta cika lambun. Tsuntsun ya ɗago kai. Sai ya mayar da baki ƙasa ya zaro tsutsa.

"Wataƙila kurma ne," in ji Baba.

"To a kunna masa ta irinsa, Baba," in ji Auta.

Ana kunnawa tsuntsun ya yo kan rakodar a fusace, har ya kifar da hular Farfesa. Baba ya daɗe yana kallon hular a ƙasa.

"Yaro, ka rushe min aikin rayuwata." Ya share ido. "Turo magabatanka. Allah ya yi muku albarka."

Ranar ɗaurin aure, ango na raɗa wa amarya "Tsuntsuwata," sai wata mata da ba wanda ya sani ta ratso taron, rataye da tsohuwar rakoda.

"Ina angon? Muryar mai bakin lemo da ya ci digiri da ita, ni na ɗauko ta, ba shi ba."