Kwandalar Rijiyar Gidan Zabda

Da almuru Marsiyana na kwashe faten alkama, sai wani abu ya faɗo cikin tukunya. Ta tsamo, ga kwandalar tagulla ta yi kore, da fuskar wani sarkin Rum da ya mutu tun ba a haifi kakanninta ba. Ba a ga mai jifan ba, ta biyu ta bugi ƙofa, ta uku ta fasa fitila.

Su biyu ne rak a gidan nan na bayan birnin Antakiya, ita da 'yarta Nonna, tun rasuwar mijinta Zabda. Kowace kaka shi ke jefa kwandala a rijiyar tsakar gida, yadda ya gada. Bana ita ta jefa, sabuwa fil, bugun sarkin da ya karɓi addinin Almasihu, da alamar addinin a jikinta. A ganinta kuɗi kuɗi ne.

Maƙwabta, da ba su taɓa ƙin tayin abinci ba, suka ɗauke ƙafa. Nonna ta daina ci, sai zama bakin rijiya, kullum tana ƙara sunkuyawa ciki.

Aka kira Barsauma, tsohon malamin majami'a mai yi wa masu iska karatu. Ya shafa wa yarinyar man zaitun a goshi, ya tambayi wanda ke jikinta ko wane ne. Muryar tsoho ce ta fito daga bakinta, a gajiye.

"Tun da aka haƙa rijiyar nan nake ciki. 'Yan'uwana duk sun watse. Abin da kika jefo yana ƙona ni, uwar gida. Zan tafi, amma ba ni kaɗai ba."

Barsauma ya ce yarinya kam ba inda za ta. Sai aljanin ya nemi wata abokiyar tafiya: tsohuwar kwandala wadda ta ji ɗumin jikin mutum.

Marsiyana ta kai hannu wuya. Kwandalar da ke rataye a nan ita ya kamata a sa wa Zabda a baki ranar jana'iza, kuɗin fiton kogin matattu. Malaman majami'a suka hana, ta huda ta, ta rataya. Da ita take hira in kewa ta ishe ta.

Ta dubi Barsauma. "Baba, wata ba ta yi?"

"Ba ta yi, 'yata."

Ta tsinke zaren, ta sake ta cikin rijiya. Ko motsin ruwa ba a ji ba. Nonna ta yi atishawa, ta ce yunwa take ji.

Jifa bai sake dawowa ba. Amma da almuru Marsiyana kan zauna bakin rijiya, hannunta na laluben wuya, tana sauraron ko wani abu zai faɗo.