Bangon da ke numfashi a Ƙofar Guga

Malam Aliyu mutum ne mai hannu, aikinsa kafa na'urori. Ƴan akwatuna ne masu auna iska da zafi da hayaƙi, ya rataya tamanin a unguwannin Katsina, kowacce tana aika lambobinta ofis ta iska. Ta ƙarshe ya buga mata ƙusa a jikin ragowar tsohuwar ganuwa, wajen Ƙofar Guga. Sauri yake yi ranar, ko sallama bai yi wa wurin ba.

Tun daga nan ƴarsa Ramla ta fara shaƙewa. Sau uku ana zuwa asibiti, ba a ga komai ba.

Ranar Laraba gab da magariba abokin aikinsa Abbas ya kira shi.

"Malam, dubi na'urar Ƙofar Guga. Lambobinta hawa suke suna sauka, wallahi kamar ƙirjin mutum."

Aliyu ya buɗe wayarsa a gefen shimfiɗar yarinyar. Lamba ta hau, ƙirjin Ramla ya lotsa. Ta sauka, ya ɗan ɗago. Leɓunanta sun fara baƙi.

Ya sunkuci guduma ya haye babur.

Yana isa gindin ganuwar, kiran sallar da yake ji ya yanke kamar an rufe ƙofa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge shi, alhali rabon garin da ruwan sama wata huɗu. Iska mai ɗumi na fitowa ta gefen ƙusar, tana komawa.

Bangon numfashi yake yi.

"Assalamu alaikum," ya ce.

"Sai yau?" Muryar ta fito daga cikin ƙasar bangon, ƙasa-ƙasa. "Kun zo kuna auna numfashinmu. Mu ma muka ɗauko na gidanka mu auna."

"Shekararta huɗu. Don girman Allah. Ni na buga ƙusar."

"To, a ba mu na wanda ya buga."

"Ku ɗauka."

Ya finciko ƙusar.

Wani abu ya zuƙe ƙirjinsa.

Da rarrafe ya kai bakin titi.

Washegari Ramla ta tashi tana guje-guje. Aliyu kuwa bai ƙara hawa tsani ba. Ko Fatiha sai ya huta sau uku kafin ya kai ƙarshenta. In aka jajanta masa, sai ya nuna yarinyar tana ihu a tsakar gida, ya jira iska ta taru masa.

"Ku saurara," yake cewa. "Nata... cike yake."