Kaboyin Majigi da Karsanar Barira

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, motar majigi ta zo Sharabi bayan girbi. Namadi bai so zuwa ba. Ya wuni da shanu, gwiwoyinsa sun yi tsami, amma ɗiyarsa Barira ta nace, kuma tun rasuwar uwarta ba ya iya ce mata a'a.

Aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba. Kafin hoton bikin 'yancin kai, aka sa wani gajeren wasa na zane: kaboyi mai ƙatuwar malafa da siraran ƙafafu, a kan doki, yana wurga igiya. Mai fassara wani saurayi ne ɗan Kende, Bunyaminu. Ya yi muryar doki, ya yi ta kaboyi, yara na birgima don dariya.

Sai kaboyin ya tasa garke a gaba da gudu, yana ihu, har ya ƙetare rafi da su. Bunyaminu ya ce ga jarumi nan. Ɓangaren makiyaya ya yi tsit. A ƙasar nan makiyayi gaba yake shiga, shanu su bi muryarsa. Mai korar su daga baya a kan doki kuwa, kowa ya san shi. Haka aka kwashe rabin garken Namadi aka shige da su Dahomey.

Ana watsewa Namadi ya ga Barira ta tsaya kusa da mota, tana tambayar Bunyaminu.

"Ɗan majigi, ɓarawon nan naka an kama shi?"

"Ba ɓarawo ba ne, makiyayi ne."

"To shanunsa ba su san shi ba."

Bunyaminu ya shiga yi mata bayani. Da hannu aka zana kowane motsi, hoto bayan hoto, ya ce ta duba yadda kofaton dokin ke sauka daidai da kiɗa. Ta yarda dokin ya yi kyau, har hular ma tana da rai. Amma shanun duk fuska ɗaya, babu wadda za a raɗa wa suna. Ya yi dariya, ya manta da wayar da yake naɗewa. Namadi ya ga kallon da yake yi mata, zuciyarsa ta yi nauyi.

Daga nan hanyar majigi ta riƙa biyowa ta Sharabi fiye da kima. Ita tana ce masa Kaboyi, shi yana ce mata Tauraruwa. Da magabatansa suka zo neman aurenta, Namadi ya shayar da su fura ya sallame su ba amsa.

Atiku, mai fataucin kanwa ta kan iyaka, shi ma yana son Barira. Ya yi ta yaɗawa a kasuwa cewa wanda ya yabi ɓarawo da lasifika ya san inda ɓarayi ke kwana. Namadi bai yarda da wannan ba. Abin da ke cin sa daban ne. Barira kaɗai ta rage masa, ga mutum mai mota, yau Bagudo gobe wani gari, wanda a wurinsa kora ita ce kiwo.

Barira ba ta yi masa gardama ba. Waƙar da take yi wurin tatsa ce kawai ta daina. Namadi ya gaji da shirun fiye da yadda kiwo ke gajiyar da shi. Ya aika aka kira Bunyaminu, ya nuna masa wata karsana mai farin goshi, 'yar saniyar marigayiya uwar Barira.

"Wannan Goshi ce, ta Barira ce. Ranar da ta bi ka har rafi, ba igiya ba sanda, ka dawo mu yi magana."

Damina ta sauka, hanyoyi suka yanke, aka ajiye motar majigi a Bagudo. Kullum da safe sai ga Bunyaminu a kan keke, da dusa da ɗan gishiri. Goshi ta lashe gishirin ta juya masa baya. Wata rana ta tunkuɗe shi cikin laka, ƙafafu a sama, Barira ta ce yanzu kam ya yi kama da na majigin.

Sai wata safiya aka gan shi da sabuwar igiya a kafaɗa. Atiku ne ya kai labari, wai da ita zai ja Goshi. Barira ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Namadi ya tafi garke da ɓacin rai, bai same shi ba. A bakin rijiya ya tarar da shi, yana cire tsohuwar igiyar guga, wadda ta daɗe tana yanka tafin hannun Namadi, yana ɗaura sabuwar. Namadi ya tsaya yana kallo. Da ya koma gida ya tsaya ƙofar ɗakin Barira ya ce ta kai wa baƙo fura.

Ya ji su ta bayan danga.

"Na zaci ka gaji, Kaboyi."

"Na gaji, Tauraruwa. Amma ba da ke ba."

Gero ya fara fitar da kai ranar da abin ya faru. Bunyaminu ya kira sunan karsanar a hankali, ya juya ya kama hanyar rafi bai waiwaya ba. Goshi ta tsaya, ta kaɗa kunne, ta dubi garke, sannan ta bi shi.

An ɗaura aure bayan kaka. Da za a tafi da amarya Kende, Namadi ya riƙe hannun ango ya daɗe bai sake ba.

"Ka ga yadda Goshi ta bi ka. Haka za ka riƙe min ɗiyata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Aka amsa da amin. Barira na kuka cikin mayafi, ango na gaba, Goshi na biye ba igiya. Namadi ya raka su da ido har suka sha kwana, sannan ya zauna a bakin rijiya ya miƙe ƙafafunsa.