Bargunan Hawan Shafa

Da hantsi, motar hayar Hamad direba tana tsaye a ƙofar gida a unguwar Bagdadiyya, aka buɗe ɗakin ajiya aka tarar babu bargo ko ɗaya. Tanti yana nan, risho yana nan, darduma mai tsada tana nan a naɗe. Barguna kawai aka kwashe, a watan Agusta, a Jidda, inda mutum ke fitowa daga wanka ya fara neman wani wankan.

Barakatu ta zauna a kan akwati ta share gumi. Ta gaji har ƙashinta. Tun farkon zafi take shirya tafiyar nan, don likita ya ce ƙirjin yayanta Mahmudu ba zai jure laimar Jidda ba bana, sai an hau da shi dutsen Shafa, bayan Ɗa'if. To amma can da rana ta faɗi sanyi ke saukowa, kuma ba a kai tsoho mai asma wurin babu abin rufa. Sayen wasu ma ba zance ba ne. Ita da ke kasuwanci a Bab Makka ta san ba a fito da bargo sai dab da sanyi.

"Halas, magana ta ƙare, Gwaggo, Idris ne," in ji Usman, ɗan Mahmudu. "Shi ke kwana a zaure. Bari in kira shurɗa."

Idris ɗan uwansu ne daga Sudan, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare. Kowa ya san in ɗan sanda ya shigo, ba zai tsaya tambayar bargo ba, jirgi zai sa shi.

"Zauna tukuna," ta ce.

Ta fara da direba. "Ka shiga ɗakin nan?"

"Wallahi, Hajiya, ban wuce zaure ba. Ni fa tafiyar nake so. Yalla, ku yi sauri. In la'asar ta same mu a kwane-kwanen dutsen Hada hazo zai rufe hanya, ba zan hau ba. Daga gobe kuma mota ta wasu ce har zafi ya wuce."

Ta juya ga Idris, wanda ke tsaye a gefe. "Wane kayan sawa ka haɗa don tafiyar?"

Ya nuna mata jallabiya ɗaya a ƙunshe.

"Shi ke nan? Ka san amfanin bargunan da muka tara?"

"Ba na shimfiɗa ba ne? Wa zai rufa a wannan zafi, Hajiya?"

Da ba ta gaji ba da ta yi dariya. Ta dubi Usman. "Ɓarawon da ke neman abin sayarwa darduma zai ɗauka. Bargo ba shi da mai saye yanzu. Wanda ya yi wannan so yake a fasa tafiya, kuma ya san daren Shafa. Idris bai taɓa hawa ba. Mu uku ne a gidan nan muka kwana can. Kai fa?"

"Haba Gwaggo! Ni da na yi ta roƙon hutu a tashar jirgin ruwa?"

"Na sani. Ni ma ba ni ba ce."

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗakin yayanta. Kwana da kwanaki ya hana a share masa ɗaki, wai ƙura. Yana zaune a bakin gado yana jan carbi, kuma ƙafafunsa da a da suke taka ƙasa yanzu reto suke yi. Ta ɗaga gefen katifa. Ga su nan a jere, an ninke su da kyau.

"Yaya, da ƙirjin nan ka yi dako?"

"Ɗaya-ɗaya," ya ce, bai ɗago ba. "In kin tafi kasuwa."

"Don me?"

Sai da ya nemo numfashi kafin ya amsa. "Barakatu, ina jin jikina. In na hau dutsen nan ba zan sauko ba. Can za ku binne ni cikin duwatsu, inda ba wanda ya san ni. Inna da Baba da ƙafa suka zo ƙasar nan, kuma a Jidda suke kwance. Kusa da su nake so."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Kuka ce tsufa ne."

Gaskiya ne, ita da bakinta ta ce haka, kuma abin ya yi mata zafi.

"Saura kaɗan a kori Idris saboda kai."

Ya runtse ido. "Ban zaci za a kai gare shi ba. Kira min shi in roƙe shi gafara."

Ta fito zaure ta tura Idris ciki, ta ce wa Usman shi ma ya ba Idris haƙuri. Sannan ta ce wa Hamad ya sauke kayan da ya ɗora.

"Gwaggo, likita fa ya ce..."

"Na ji likita. Yau kuma na ji ubanka."

Motar ta tafi babu kowa sai direba. Barakatu ta koma ciki ta ɗauki mafici, ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita, tana sauraren yadda yake jan numfashi.