Tsagar da ke Bayan Murhu

Gab da magariba maigidan ya gama liƙe murhun. Tsohon murhun ƙarfe ne na itace, mai ƙofa da bututu, shi kaɗai ke ɗumama gidan. Duk haɗinsa ya saki, hayaƙi na tsiyayowa cikin ɗaki, har mahaifiyarsa ba ta iya runtsawa don tari. Ya bi kowane haɗi da kyandir, inda harshen wutar ya karkata ya cusa yumɓu da toka. A wata tsaga ta baya sai kyandir ya mutu, kamar an hure shi. Mutumin naku kuwa akwai taurin kai. Ya ƙara yumɓu, ya danne da babban yatsa.

Ranar tsohuwa ta yi barci har da minshari. Auta ce, 'yarsa, ta kasa.

Da farko ƙwanƙwasa suka riƙa ji daga cikin murhun, a hankali. Sai gawayi ya fara faɗowa daga rufi. Kullum rana ta faɗi, numfashin Auta sai ya toshe, ta yi ta yakushin bango. Likita ya duba ƙirjinta, ya ce lafiya lau. Uwarta ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Aka kira malam. Ya jima yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai, ta yi magana da muryar wata babbar mace, a gajiye.

"Ɗana yana cikin murhun. Ta tsagar baya yake shaƙar iska, kun toshe."

"Ki ɗauke shi ku tashi," in ji malam.

"Bai yi ƙwari ba. Ku buɗe, kada kuma ku bar murhun ya huce, sai in saki taku."

"Har yaushe?"

"Har ya girma."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya san girman 'ya'yan aljanu ba irin namu ba ne, sai an daɗe.

Maigidan ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun yi baƙi. Ya dubi mahaifiyarsa. Abin tausayi, ƙato guda ya tsaya ya rasa inda zai sa kansa. Tsohuwar ce ta miƙo masa wuƙa.

"Buɗe, ɗan nan. Ni ai na shaƙi rabona."

Ya durƙusa ya ɓanɓare yumɓun. Auta ta ja dogon numfashi, ta ce, "Baba," da muryarta. Wani siririn hayaƙi ya fito, ya bi bango, ya bazu a ɗakin.

Tsohuwa ta juya baya, ta danne tarin da bakin mayafi don kada ɗanta ya ji. Ya ji.