Zanen Ƙauyen da Ruwa Ya Ci

Tun da matarsa Adda ta rasu, ɗaki ya yi wa Malam Surajo faɗi. Yara duk sun tafi birni, daga shi sai bango fari fat. Ya ƙudurta zai samo zanen hoto mai kyau ya rataya, ko ido ya sami abokin hira.

Ya zaga kasuwar Tudun Wada, babu wanda ya kwanta masa a rai. Yana dawowa a keke da almuru, hanya tsit, sai ya ga wani mutum ya jingina zane-zane a gindin tsamiya.

"Sannu da hanya, Baba. A duba mana."

Muryar ta fito kamar daga cikin rijiya. Ana tsakiyar rani, amma inda mutumin yake tsaye a jiƙe yake, yana warin taɓo.

Surajo ya tsuguna gaban wani zane, ya ƙura masa ido. Ƙauyensu ne, wanda ruwan madatsar Tiga ya shanye tun yana saurayi. Ga zauren mahaifinsa, ga mutanen da aka daɗe da binnewa zazzaune a tabarma, sun bar gurbin mutum ɗaya.

"Nawa ne?" ya tambaya.

"Ba na sayarwa ba ne, Baba. Kai kaɗai ake jira."

A cikin zanen, a bakin tabarmar, ya hangi takalma, ɗaya da ɗinkin waya irin nasa. Ya sunkuyar da kai. Babu komai a ƙafarsa, ga ruwa mai sanyi ya kai masa idon sawu.