Ƙyauren Maɗaci

Ranar da kafinta ya kafa sabon ƙyaure a ƙofar ɗakinsa, har maƙwabta sai da suka leƙo kallo. Maɗaci ne tsantsa, ja wur, ga nauyi kamar dutse. Shi da kansa ya kayar da tsohuwar bishiyar a bakin rafi, ya fitar da gadaje da tebura ya sayar, ya ajiye wa kansa zuciyar itacen.

"Wannan, ko gara ta cije shi sai ta nemi mai gyaran haƙori," ya ce wa matarsa. "Ruwa ma ba ya ruɓar da shi."

Ta ce, "Allah dai ya sa mu iya tura shi."

Da almuru ya kawo jiki, kaji suka ƙi shiga akurki. Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi. Kafinta ya zagaya bayan katanga, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo, ya tarar da 'yarsa Auta ta kafa goshi a jikin ƙyauren, wani jan ruwa na tsatsowa daga katakon yana bin fuskarta.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Auta ta daina ci, ta daina magana, jikinta ya sandare kamar gungume. Hankalin kafinta ya tashi, ya je ya ɗauko wani dattijon malami.

Malam ya zauna ya daɗe yana karatu. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a dishe.

"Ke wace ce?" in ji malam.

"Tambayi mai zarto. Tun ba a haifi kakansa ba nake cikin itacen nan. 'Ya'yana na barci a kogonsa. Na dakusar masa da zarto, na karya masa ƙotar gatari, ya ce taurin maɗaci ne."

Kafinta ya tuna. Haka aka yi, kuma haka ya faɗa.

"Ya raba ni da nawa, zan raba shi da tasa," in ji muryar.

"Ki ji tsoron Allah," in ji malam. "Yarinyar nan ba ta riƙe zarto ba. Za a mayar miki da ƙyauren."

"Ƙyaure ne zai tashe min 'ya'ya?"

Kafinta ya matso, ya miƙa hannunsa na dama.

"Ga wanda ya yi yankan. Ki sakar min ita."

Muryar ta yi wata doguwar dariya. "Na karɓa."

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Da safe aka kai ƙyauren aka jingine a kututturen bishiyar. Kafin a dawo gida, hannun kafinta ya ƙage, yatsun sun lanƙwashe kamar yana riƙe da mariƙin zarto. Bai ƙara buga ƙusa ba.

Yanzu Auta ce ke zuba masa ruwan alwala. Takan riƙe hannun ta ce, "Baba, da zafi?" Sai ya ce a'a. Ba ɓoye mata yake ba. Ko allura aka soka masa, ba ya ji.